Turbar Karofin Tudu

Abin da zan ba ku labari ya faru da ni ne a ƙasar Kura, ta ɓangaren da ya yi iyaka da Bunkure, cikin shekarun tamanin da 'yan kai, lokacin ina aikin kula da ƙofofin ruwa a filin noman rani. Ba a bakin wani na ji ba, ba kuma mafarki ba ne, ni abin ya samu, ido biyu, rana tsaka, kuma wallahi da ana cire abu daga ƙwaƙwalwa kamar yadda ake cire ƙaya, da tuni na cire shi.

Aikina ba mai wuya ba ne. Ƙofofi huɗu ne a hannuna a kan wani reshen kanal, in buɗe wa manoman sama da safe, bayan Azahar in rufe in juya ruwan ga na ƙasa, in duba sandar awo in rubuta a littafi, shi ke nan. Manoma ba su ma damu da sanin sunana ba, Mairuwa suke ce mini. Ni ba ɗan yankin ba ne, daga wajen Gaya aka turo ni, kuma damina ɗaya kafin zuwana matata Hadiza ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, Allah ya jiƙan su. Ɗaki ɗaya aka ba ni a bakin kanal, na bulo mai rufin kwano, ba ni da maƙwabci sai kwaɗi. Duk wanda ka ga ya nufo ƙofata, to ruwa yake nema, ko kuwa rigima ce a kan ruwa ta kawo shi. Sai in yi kwana uku ban yi maganar da ta wuce "sannu Mairuwa", "yauwa sannu" ba.

Wannan kaɗaicin ne ya koya mini yawo. To a shekarar sai ƙauyuka suka yi ta kai kuka cewa kanal ya datse musu tsofaffin hanyoyi, mai zuwa kasuwa ko jana'iza sai ya yi dogon zagaye kafin ya sami gada. Injiniyan da ke kanmu, wani dogon mutum mai yawan shan taba, ya ce tunda ni ƙafata ba ta zama wuri ɗaya, in bi turbobin nan ɗaya bayan ɗaya, in rubuta masa inda kowacce ta fito da inda ta nufa, da wadda ta fi cancanta a yi wa mahayi. Na karɓi aikin nan hannu biyu, don ko ba komai na sami dalilin yin magana da mutane.

Wanda bai taɓa taka ƙasar nan da ƙafa ba zai ɗauka duk shimfiɗa ce, tumatir da alkama da albasa iya ganinka. Ba haka ba ne. Kanal ya raba ƙasar biyu. Ƙasa da shi kore shar ko a tsakiyar rani, sama da shi kuwa tudu ne wanda ruwa ba ya iya hawa, jan burji da marmara, sabara da kargo da tumfafiya, sai kukoki a tsaitsaye nesa da juna kamar mutanen da suka yi faɗa. In ka hau can ƙololuwa ka juya kudu, ranar da sama ta yi garau har duwatsun wajen Rano kana hangowa. A tudun nan tsofaffin hanyoyin suke. Akwai burtalin Fulani, akwai turbar da aka ce ta fatake ce, masu kai baƙin rini da turkuɗi ƙasashen da ba su da marina, har yanzu in ka lura za ka ga inda kofaton jakuna ya cinye marmara ya yi kwari. Akwai tsofaffin rijiyoyi da suka rufta, da wuraren da in ka shuri ƙasa sai katanga ta fito, wato fasassun tukwane na mutanen da.

Wanda ya fi taimakona a wannan aiki wani tsoho ne Bamaguje, Baba Nomau, mai gida shi kaɗai da iyalinsa a gindin tudu. Ba turbar da bai san uwarta da ubanta ba. Zai zauna a inuwar rumbu yana tufka igiya, yana zana mini hanyoyi a ƙasa da babban yatsan ƙafarsa, ni kuma ina kwafewa a littafi. Turba ɗaya ce kawai ya ƙi yi mini bayaninta. Wata siririya ce da ta ratso gonakin albasa ta zo ta tsaya cak a bakin kanal, kusa da wata tsamiya, a ɗaya gaɓar kuma ba ka ganin komai sai busasshiyar ciyawa. Da na tambaye shi sai ya ce wannan ba ta zuwa ko'ina, in bar ta, ya ci gaba da tufkarsa.

Ranar da abin ya faru Talata ce, cikin bazara, an gama yankan alkama, zafin nan da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka fili. Na buɗe ƙofofina da safe, na bar kekena a ɗaki saboda tayar ta yi faci, na bi gefen kanal da ƙafa da littafina a aljihu. Rana ta kusa take tsaka lokacin da na iso tsamiyar nan, sai na ga mace a tsaye a ƙarshen turbar, ta sa ruwa a gaba tana kallo.

Tsohuwa ce, amma ba tukuf ba, siririya, da zane baƙi na saƙi irin wanda ko a lokacin an daina ɗaurawa, ba takalmi, a kanta akwai ƙwarya an rufe da faifai. Na yi mata sallama, ta amsa da "sannu ɗana", ba ta juyo ba. Na tambaye ta ko lafiya take tsaye a wannan rana.

Ta ce, "Kasuwa na je kai zare, na dawo na tarar an shimfiɗa ruwa a kan hanya. Ka san wanda ya shimfiɗa shi?"

Na yi 'yar dariya, na ce, "Inna, ai wannan ruwan ya yi shekaru a nan. Gada tana can gaba, sai dai da ɗan nisa."

Ta ce ita ba ta san wata hanya ba sai wannan, a kanta aka kai ta ɗakin miji, a kanta take zuwa kasuwa, in ta sauka daga kanta ɓata za ta yi. Ta faɗi haka ne a hankali, ba roƙo ba kuka, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Na ɗauka irin tsofaffin nan ne da hankali ya fara yi musu nisa. Tausayinta ya kama ni, kuma ni na san reshen nan, a wurin ruwan bai wuce ƙirji ba. Na cusa littafina cikin hula, na karɓi ƙwaryar na ɗora a kai, na ce ta riƙe gefen rigata ta baya ta biyo ni.

Ƙwaryar ba ta da nauyi ko kaɗan. Muka shiga ruwa, ni ina ta dogara ƙafa saboda santsin siminti, ina ce mata ta riƙe da kyau, amma har muka fita ban ji an ja rigata ba ko sau ɗaya. Na tsaya ina matse wando, ita kuwa ta karɓi ƙwaryarta ta yi gaba. Ku yarda da ni, sai daga baya, bayan kwanaki, na tuna ban ga ta matse zanenta ba, ban kuma ga ruwa yana ɗiga daga gare shi ba. A lokacin abin bai zo mini ba sam.

Da na ɗaga kai sai ga turba a gabanmu sarai, fara tas, ta miƙe ta hau tudu, a wurin da na sha tsayawa ina dubawa ban ga komai ba. Na ce a raina, kai, ga abin da Baba Nomau ya ɓoye mini. Na duba rana, na ga ina da sauran lokaci kafin rufe ƙofa, na ce bari in raka ta in ga inda hanyar ta fita, in rubuta wa injiniya.

Muka kama tafiya, tana gaba ina baya, sai tsohuwar nan ta buɗe baki. Ta nuna mini wata kuka ta ce nan ne zangon fatake, nan suke sauke kaya su ɗaure jakuna. Ta nuna wani kwari ta ce rijiyar Gwamma ce, ruwanta ya fi na ko'ina daɗi, sai dai guga biyu ake haɗawa kafin a kai gare shi. Ta nuna inda ake noman baba, ganyen da ake rini da shi, da inda ake ƙona toka, da dutsen da 'yan mata ke hutawa in sun dawo daga itace. Ta ce sunan garinsu Karofin Tudu, mijinta marini ne, yayyensa mabuga. Ni kuwa ina ta rubutu ina tafiya, daɗi ya cika ni, don rabon da wani ya yi mini doguwar magana irin wannan tun ina gida.

Can sai ta tambaye ni ɗan wane ne ni, na faɗa mata sunana da na mahaifina. Ta tambaye ni wa ke dafa mini tuwo. Ban san abin da ya same ni ba, jama'a. Ni da ko 'yan'uwana ban taɓa zama na yi musu maganar Hadiza ba, sai ga ni ina ba wa baƙuwa labarinta tun daga farko, yadda take dariya tana rufe baki da gefen mayafi, yadda naƙuda ta kama ta ana ruwan sama, yadda muka rasa motar da za ta kai mu asibiti, yadda na dawo daga maƙabarta na tarar da kayan jaririn da ta ɗinka a ninke a kan gado. Ina faɗa hawaye na zuba, ban ko share ba. Tsohuwar ba ta ce Allah ya jiƙanta ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Sai da na gama ta ce, "Mu a wajenmu ba a rasa kowa."

Daidai nan muka kai ƙololuwar tudu, sai na fara jin ƙarar bugu. Duk wanda ya taɓa wucewa ta mabuga a Kura ya san ƙarar nan, sanduna biyu uku suna sauka a kan itace bi da bi, kamar kiɗa. Warin karofi, wato ramin rini, ya bugi hancina, da ƙamshin hayaƙin kara, na ji kukan akuya, na ji kamar mata suna hira a bayan danga. Amma idona bai ga gida ko ɗaya ba. Kukoki biyu ne kawai a gabanmu, turbar ta shige tsakaninsu, bayansu kuma iska tana rawa saboda zafi, ba ka iya tsayar da ido a kan komai.

Ta tsaya tsakanin kukokin, a karo na farko ta juyo ta dube ni sosai. Fuskarta ta mutane ce, ba wani abin tsoro, sai dai ba ɗigon gumi a kanta, a ranar da ni rigata ta bushe ta sake jiƙewa. Ta ce in shigo in sha fura in huta, akwai wadda za ta yi murnar ganina.

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku zarge ni. Ban ji tsoro ba. So na yi in shiga. Na ɗaga ƙafa ma. Abin da ya tsayar da ni ba ilimi ba ne, ba kuma wata addu'a ce ta zo bakina ba, Allah dai ya yafe mini. Inuwata na gani ta fara karkata gabas, sai na tuna ƙofar ruwa a buɗe take, kuma gonar albasar wani bawan Allah, Malam Sule, ita ce a kwari, in ruwa ya wuce lokaci ita zai fara ci. Albasar nan saura kwanaki a cire ta, kuma ita ce duk abin da mutumin ya dogara da shi shekarar nan.

Na ce, "Inna, bari in je in rufe ruwa, in dawo."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Kowa haka yake cewa. To jeka, ɗana. Na dai san sunanka."

Ta juya ta shige tsakanin kukokin. Ban ga ta ɓace ba, kada in yi muku ƙarya, juyawa na yi na kama hanya. Takuna bai fi goma ba ƙarar bugun ta ɗauke ɗif, kamar an toshe mini kunne. Na waiga, kukoki biyu suna nan, bayansu fako ne fetal da wasu ramuka da suka cike da ƙasa. Na duba ƙasa, babu turba. Sabara ce da ƙarangiya ko ta ina.

A nan ne tsoron ya zo, gaba ɗaya. Na kama salati, na nufi inda nake zaton kanal yake. Tafiyar da muka yi a abin da bai kai awa ɗaya ba, wallahi tallahi sai da na yi ta har rana ta yi ja. Ƙishirwa ta kusa kashe ni, ƙaya ta yayyaga mini wando, takalmina ɗaya ya tsinke na yar da shi. Da na fito bakin ruwa, can ƙasa na fito, kusa da hanyar Kadawa, nesa da tsamiyar nan ƙwarai.

Ko da na isa ƙofata, manoma sun riga sun fasa kwaɗon sun rufe da kansu, amma ruwa ya kwanta a rabin gonar Malam Sule. Yana tsaye a kan kunya, wandonsa a naɗe, bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ce mini kawai ya yi, "Mairuwa, ina ka shiga?" Rabin albasar nan ruɓewa ta yi, kuma har yau in na tuna fuskarsa sai in ji kunya ta rufe ni. A ofis aka ba ni takardar gargaɗi, na karɓa ban yi musu ba.

Kwana biyu ina kwance da zazzaɓi. Da na tashi zan wanke rigar da na sa ranar, sai na ga shuni a gefenta ta baya, shaidar yatsu uku, baƙi-baƙi mai ɗaukar ido. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, bai fita ba.

Na ɗauki rigar da littafina na tafi wurin Baba Nomau. Na karanta masa abin da na rubuta, zangon fatake, rijiyar Gwamma, dutsen 'yan mata. Tun ina karantawa ya ajiye igiyarsa. Ya tambaye ni wa ya faɗa mini sunan rijiyar nan, don shi kansa sau ɗaya ya taɓa jin sa, a bakin kakarsa. Na ba shi labari duka. Ya tambaye ni ko na ci wani abu a can, na ce a'a. Ko na sha, na ce a'a. Ko na faɗi sunana. Na ce na faɗa, har da na mahaifina. Ya girgiza kai, ya ce in ƙona rigar.

Ya ce Karofin Tudu ya tashi tun ba a haifi ubansa ba. Wasu sun ce cutar agana ce ta shiga garin, wasu sun ce rijiyar ce ta ƙafe, ba wanda ya tabbatar, kuma ba a taɓa jin wani ya ce shi jikan mutanen can ne ba. Abin da shi ya gani da idonsa tun yana yaro shi ne, turbar nan ba mai bin ta, amma ciyawa ba ta taɓa fitowa a kanta ba, ko da damina. Sai da aka haƙa kanal sannan ɓangaren tudu ya rufe. Na tambaye shi wace ce matar. Ya ce, "Malam, ni manomi ne. Abin da na sani ke nan na faɗa maka."

Duk da haka na sa wurin a cikin jerin da na kai wa injiniya. Ya duba taswirarsa, ya yi dariya, ya ce gwamnati ba ta yi wa kufai gada. Ni kuwa abin ya ƙi barina, in na wuce tsamiyar sai in ji kamar akwai mai tsayuwa. Ran nan na samo azara biyu na giginya, na ja su da kaina na gitta a kan ruwan, na danne da duwatsu. Ban gaya wa kowa dalili ba, manoma suka ɗauka don kaina na yi.

Ban taɓa ganin mutum ko dabba a kan azarar nan ba, ni ma ban taɓa hawa ba. Amma kafin ƙarshen damina tsakiyarta ta yi sumul tana sheƙi, irin na itacen da ƙafa ta saba takawa, kuma a ɗaya gaɓar, cikin ciyawar da ta kai gwiwa, ga siririyar turba fara ta miƙe ta hau tudu. Na nuna wa Baba Nomau, ya duba sau ɗaya, ya ce mu tafi. Da rani ya zagayo na nemi a canza mini wurin aiki, aka mayar da ni wajen Garun Mallam, ban sake taka wurin ba.

Daga baya na sake aure, Allah ya ba ni 'ya'ya, yanzu har da jikoki, gidana ba ya rabo da hayaniya. Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, ban sami amsar da ta zauna mini ba. Amma abin da ke tayar mini da tsigar jiki ba tsohuwar ba ce. Ni ne. Har yau, in rana ta take tsaka, gida ya yi shiru, sai in kama kaina ina tunanin wace ce wadda aka ce za ta yi murnar ganina, in ji ƙafata tana so ta tashi.

Saboda haka, masu son yawon daji da bin tsofaffin hanyoyi, ku bi, ƙasar nan tana da abin gani. Amma in dattijon wuri ya ce wata turba ba ta zuwa ko'ina, ku bar ta. Kada ku faɗa wa wanda kuka tsinta a hanya sunanku da na mahaifinku. Kuma in kun san akwai wani a kusa da ku da aka yi wa rasuwa, yana zaune shi kaɗai a ɗaki, ku je ku zauna da shi, ku bar shi ya yi maganar mamacinsa har ya gaji. In ku ba ku saurare shi ba, akwai masu saurare.